Tokuji, Wanda Ya Ara wa Kagami Ƙafafu

Mai awara bai taɓa riga Tokuji Amemori fitowa ba. Kafin ya shigo lungun da kekensa yana busa ɗan ƙahonsa, tsohon ya share ƙofar gidansa, ya haɗa da ta maƙwabciyarsa da ciwon baya ya kwantar, ya shayar da furannin matarsa, yana tsaye da kwano a hannu. Ya sayi yanka biyu, ya tambayi mai awarar jikin mahaifiyarsa, ya koma ciki. Matarsa Fusae ta riga ta ɗora romo. Su ci shinkafa da ɗan gasasshen kifi, ta yi masa mita a kan gwiwarsa, ya yi kamar bai ji ba, ya saɓa jaka ya kama hanyar kamfanin fim a ƙafa.

Da aiki ko babu, sai ya je. Haka ya saba tun yana ɗan shekara goma sha takwas, ga shi yau yana bakin tamanin. Yakan bi ta layin kantunan Uzumasa, unguwar masu fim a birnin Kyoto, ya wuce shagunan da suka daɗe a rufe, ya gaisa da mai gadi, ya shiga babban ɗaki, wurin zaman 'yan wasan da ba a rubuta sunansu a jikin hoton talla. Ya dafa shayi ya zauna a kusurwarsa. In an kira shi, ya sa tsumma ya fito a tsoho mai tallan malafa, ko ya kwanta a gefen hanya a matsayin gawa. In ba a kira shi ba, ya fita tsakar gida ya taya sababbin shiga ɗaura ɗamara, ya nuna musu yadda ake faɗuwa ba tare da an fasa haƙori ba.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aikin. Gwiwa ta ƙi, likita ya yi magana, Fusae kuma ta yi wadda ta fi ta likita ƙarfi. Ni da na yi shekaru ina ɗaura masa hular gashi a ɗakin kwalliya, na ga bai kamata ya fice shiru kamar yadda ya saba shiga ba.

Daga wani ƙauyen masunta na gaɓar Tango ya fito. Wata shekara masu ɗaukar fim suka je ƙauyen, suna neman wanda zai tuƙa kwalekwale a ranar da teku ke fushi. Manyan masunta suka ce su ba mahaukata ba ne. Tokuji ya ce zai iya. Wanda ya ɗauko a kwalekwalen shi ne Ryuzaburo Kagami, jarumin da 'yan mata ke yanke hotonsa daga jarida a lokacin. Kagami ya yi ta amai tun daga tashi har dawowa, amma da ƙafarsa ta taka yashi sai ya dafa kafaɗar saurayin ya ce ya same shi a Kyoto. Magana ce irin ta manya, wadda ake faɗa a manta. Tokuji ya ɗauke ta da gaske, ya ƙulla kayansa a zane ya hau jirgin ƙasa. Da suka haɗu a ƙofar kamfani, Kagami ya dube shi ya sake dubawa, can ya ce, "Au, masuncin nan." Sunan da ya riƙa kiransa da shi ke nan har tsawon rabin rayuwarsu.

Wanda bai ga unguwar nan a wancan zamanin ba, ba zai yarda ba. Da rana ta take, sai ka ga samurai, mayaƙin zamanin da, da takobi a kugu yana tuƙa keke, 'yar sarki da cikakkiyar kwalliya tana tsugune tana shan taliya, ɓarawo da ɗan doka suna raba taba ɗaya. Fim na ƙarewa ana fara wani. Babban ɗaki cike yake da hayaƙi da gardama, mutum ɗari ko fiye, kowa kunnensa na bakin ƙofa yana jiran mataimakin darakta ya leƙo ya kira sunansa. Tokuji ya yi almajirin maƙeri, ya yi ɗan dako, ya yi mai fito a kogi. An sare shi, an rataye shi, an jefa shi daga gada a tsakiyar hunturu, saboda shi kaɗai ne ba ya tsoron ruwa.

Ruwan nan ne ya haɗa shi da Fusae. Mahaifinta na da shagon taliya daura da ƙofar kamfani, duk ran da aka jefa Tokuji a kogi can yake zuwa yana karkarwa, da jan fenti a wuya. Takan leƙa madafa ta ce wa uban, ga gawar nan ta dawo, a ƙara mata albasa. Wata rana ya yi ƙarfin hali ya gayyace ta silima ta ga fim ɗin da ya fito a ciki. Da suka fito ta ce ta yi atishawa sau ɗaya, ashe a lokacin ya wuce. Shekara ba ta zagayo ba aka ɗaura musu aure.

Tsohon shugabanmu na ɗakin kwalliya ne ya fara lura da abin da ya sauya masa rayuwa. Ya hango Tokuji ta baya sanye da baƙar riga, ya russuna ya gaishe shi da sunan Kagami, sai mutum ya juyo ya ga ɗan babban ɗaki ne. Tsawonsu ɗaya, faɗin kafaɗa ɗaya, har ƙeya iri ɗaya. Daga ranar, duk inda za a nuna Kagami daga nesa, ko yana sukuwa, ko yana dirowa daga katanga, Tokuji ake sa wa kayan. Bai tsaya ga kamannin da aka haife shi da shi ba. Ya zauna ya karanci mutumin: yadda yake sauke kafaɗar hagu, yadda yake ɗan tsayawa kafin ya juya, yadda yake ajiye diddige kamar ƙasa tasa ce. Ya yi ta gwadawa a lungun gidansu har maƙwabta suka daina leƙowa.

Daga baya talabijin ta shigo, gidajen silima suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, babban ɗaki ya fara yin fili. Abin da ya riƙe kamfanin shi ne wani shiri na mako-mako, wanda Kagami ke fitowa a matsayin mai takobi da ke yawo gari-gari yana raba zalunci, a ƙarshen kowane kashi ya juya baya ya kama hanya. Da shirin nan masu fitila ke ci, da kafintoci, da masu ɗinki, da mai kula da dawaki, da mu 'yan kwalliya, da shagunan da ke bakin titi.

Tokuji na dab da arba'in lokacin da abubuwa biyu suka faɗo masa a mako guda. Wani matashin darakta daga Tokyo ya gan shi a wata 'yar fitowa, ya zo takanas ya ba shi rawar uba masunci a fim ɗinsa, rawa mai suna, mai magana, wadda kyamara za ta zauna a kan fuskarsa. Fusae ta sayo masa sabon takalmi, ta shirya akwati ta ajiye a bakin ƙofa. 'Yarsu Michiyo ta gaya wa duk ajinsu.

A makon ne Kagami ya faɗi a gidan wanka. Ya tashi, bakinsa bai karkace ba, muryarsa na nan, amma ƙafar dama tana jan ƙasa, hannun kuma ba ya riƙe takobi. Darakta Ogoshi, wanda ya riƙe shirin tun farkonsa, ya san in masu ɗaukar nauyin shirin suka ji, an gama. Ya kira Tokuji bayan rumbun katako da hantsi, ya cire hularsa, abin da ba mu taɓa gani ya yi wa ɗan babban ɗaki ba.

Ya ce, "Toku, na ji labarin Tokyo, kuma na taya ka murna. Ba umarni zan ba ka ba. In ka tafi ba wanda zai ga laifinka. Amma in ka tafi, ba ni da wanda zai yi wa Kagami tafiya."

Tokuji ya tambayi har yaushe. Ogoshi ya ce bai sani ba.

Fusae ba ta ɓoye wa kowa abin da aka yi a gidan ranar ba, har yau in ta tuna tana ba da labarin. Ta ce masa shekara ashirin yana mutuwa a finafinan mutane, yau an ce ya zo ya rayu a guda ɗaya zai ce a'a. Ta ce mutumin da zai yi wa wannan ko sunansa bai riƙe ba.

Ya ce, "Ba don shi ba ne. Nitta mai dawaki matarsa na da ciki. Masu fitila ina za su je? Shagon babanki wa zai ci taliyarsa in an rufe ƙofar can?"

Ta ce, "Baban Michiyo, kowa ka lissafa, kai kaɗai ka manta."

Ya je ya buga waya Tokyo ya ba da haƙuri. Akwatin ya yi wajen wata guda a bakin ƙofa, ba ta kwashe ba, shi ma bai taɓa ba, kowa na ratse shi ya wuce.

Shekara shida aka yi ana wannan aiki. In za a ɗauki fuska, a zaunar da Kagami a kan wani dogon benci da kafintoci suka ƙera, ko a jingina shi da ginshiƙi, ya zare ido ya faɗi maganarsa da muryar nan tasa mai sa mugu rawar jiki. Da zarar za a motsa, sai Tokuji ya shiga, malafa ta rufe rabin fuska. Shi ne ke zare takobi, shi ne ke tsallake magudana, shi ne ke juya baya a ƙarshe ya bi hanyar nan mai itatuwa har rubutun sunaye ya hau. Duk wanda ke cikin kamfanin ya sani, daga darakta har mai shara, kuma magana ba ta taɓa ƙetare ƙofa ba. Jaridu suka riƙa yabon Kagami, wai girma ya ƙara wa takunsa kwarjini. Akan kawo jaridar ɗakin kwalliya a karanta wa Tokuji, ya yi dariya ya ce a matsa masa ɗaurin kai, yana zamewa.

Nitta mai dawaki shi ke ba da labarin ranar dusar ƙanƙara. Doki ya zame a gangare ya danne Tokuji, kowa ya ji ƙarar ƙashi. Aka ce a kira mota. Ya dubi sama ya ga rana na shirin faɗuwa, ya san in ba a ɗauki tafiyar ƙarshe a ranar ba, kashin makon ba zai fita ba. Ya ce a ɗaure masa ƙirji da zane. Ya miƙe ya yi tafiyar daga farko har ƙarshe, kafaɗar hagu a sauke yadda ta saba, sai da Ogoshi ya ce a tsayar da ɗauka sannan ya durƙusa. Haƙarƙari uku ne suka karye. Nitta ya ce shi da ya san abin da ke ƙarƙashin rigar, da aka nuna kashin a talabijin ya kasa gano komai.

Fim ɗin Tokyo ya fito, ya karɓu, wanda aka ba rawar masuncin ya zama sananne har ƙasashen waje. Kada kowa ya ce abin bai taɓa Tokuji ba. Ya hau jirgi shi kaɗai ya tafi Osaka ya kalla, inda ba wanda ya san shi. Ya dawo ya yi kwana biyu ba ya iya cin abinci. Da na tambaye shi bayan shekaru, ya ce mutumin ya yi ƙoƙari ƙwarai, ya sa shi kuka, sannan ya ce da ya so mahaifinsa ya gan shi a wannan rawar kafin ya rasu. Bai sake tayar da maganar ba.

Toku-san, kamar yadda muke kiranka don girmamawa, kai ne ka ga ƙofa ta buɗe sau ɗaya a rayuwarka, ka san ba za ta sake buɗewa ba, ka tsaya ka riƙe wa wasu rufin ɗaki. Yaran da aka haifa a gidajen ma'aikata a shekarun nan shida sun girma, wasu na da nasu 'ya'yan, yawancinsu ba su san da ƙafafun wa aka biya musu makaranta ba. Ba ka taɓa tsayar da ɗayansu a hanya ka gaya masa ba.

Ciwon ya sake bugun Kagami, wannan karon ya kwantar da shi, shirin ya tsaya. Da farko gidansa da ke kusa da kogi ba ya rabo da baƙi da furanni. Kafin shekara biyu ƙafar baƙi ta ɗauke. Masu yi masa fadanci suka koma bayan sababbin taurari. Matarsa ta rasu, aka bar shi da 'yarsa Ayame. Mutum ɗaya ne bai daina zuwa ba. Duk Lahadi Tokuji zai hau ƙaramin jirgin unguwa da ƙunshin abincin da Fusae ta dafa, tana dafawa tana cewa ba don tsohon mai girman kan nan take yi ba. Ya yi masa aski, ya yanke masa farce, ya tura shi a keke zuwa bakin ruwa. Kagami bai sauya hali ba, yana masifa ruwan askin ya yi sanyi, shayi ya yi zafi. Tokuji na cewa to, Maigida.

Ayame ce ta ga abin da ya faru wata ranar kaka, ganyaye sun yi ja. Mahaifinta na zaune a baranda an lulluɓe masa ƙafa, ya daɗe yana kallon lambu. Can ya ce wa Tokuji ya sauka ya taka daga rijiya zuwa ƙofar gora. Tokuji ya tambaya ko wani abu zai ɗauko.

Kagami ya ce, "A'a. Ka yi mini tafiyata. Na manta yadda take."

Tokuji ya cire gilashinsa ya ajiye, ya sauka. Ba malafa, ba takobi, rigar sanyi ce a jikinsa da wando irin na tsofaffi. Ya sauke kafaɗa ya taka a hankali har ƙofar, ya ɗan tsaya, bai juyo ba. Ayame ta ce mahaifinta ya sa hannunsa mai lafiya ya rufe baki. Da Tokuji ya dawo ya zauna, Kagami ya ce, "Amemori, na gode." Ashe ya san sunan. Bai kai ga ganin bazara ba ya rasu.

Bayan jana'iza wani ɗan mujalla ya ji ƙishin-ƙishin, ya yi ta sintiri a lungun su Tokuji, ya ce zai sa hotonsa a bangon mujalla, duniya ta san wanda ta yi shekaru tana kallo. Tokuji ya ba shi shayi, ya ce shi ɗan babban ɗaki ne, an sha sa shi ya hau doki a madadin manya kamar kowa, iyakar abin da ya sani ke nan. Fusae na bayan labule tana ji. Da baƙon ya tafi ta fito ta kwashe kofuna, ta ce da ya faɗa da ta kore shi daga gidan. Ita ke nan, ba a gane inda ta dosa sai an kai.

Da ba don Ayame ba, da ni ma ban rubuta wannan ba. A makon jiya aka yi masa ɗan taron sallama a ɗakin cin abinci na kamfani, wanda yanzu rabinsa an mayar da shi wurin ajiye kaya. Tsofaffi suka zo da sanduna, Nitta a keken guragu, matasa na tsaye a baya. Ayame, wadda ita ma ta yi furfura, ta miƙe ta ce mahaifinta ya bar mata wasiyya da baki, cewa ran da Amemori zai ajiye aiki ta faɗa a gaban mutane, don shi girman kai ya hana shi. Ta faɗi komai. Ta russuna a gabansa har goshinta ya kusa taɓa tebur. Matasan da suka saba ce masa kaka, suna aikensa ya riƙe musu takobi, suka shiga kallon juna. Tokuji ya rasa inda zai sa kansa, ya yi ta murza hularsa, da aka matsa masa ya yi magana sai ya ce taliyar na hucewa, a ci.

Za su koma Tango shi da Fusae, gidan mahaifinsa na nan, ɗan ƙanensa ya gyara rufin. Ta ce ba za ta bar shi ya shiga kwalekwale ba. Ya ce to. Duk wanda ya san su ya san yadda za a ƙare: sai ya shiga.

Mun gode, Toku-san. Mun gode da kogunan da ka faɗa, da shirun da ka yi, da Lahadin da ka bayar ga mutumin da ba shi da sauran abin da zai ba ka. Ku matasa da ke shigowa wannan sana'a da hotonku a hannu, ba cewa nake kada ku nemi suna ba, ku nema, ku samu. Amma in wata rana aikin mutane da yawa ya rataya a wuyanku, ku tuna an yi wani a ɗakin nan da ya ɗauka bai yi ƙorafi ba. In kuma wanda kuka yi wa hidima ya faɗi, kowa ya watse, ku zama mai zuwa ranar Lahadi. Sauran kwanakin da suka rage masa a nan kaɗan ne, kuma har yanzu da sassafe yake zuwa. Wanda ke da abin faɗa masa ya je ya same shi a kusurwarsa, tun shayin da ɗumi.